Ɗan Fari a Gulbin Argungu

Kusan shekara goma, duk ƙarshen wata wani direba mai jigila tsakanin Argungu da Birnin Kebbi yakan tsaya a ƙofar wani gidan haya ya sauke ɗan buhu. Abin da ke ciki ba ya cika canzawa: bandar tarwaɗa a naɗe cikin takardar siminti, dunƙulen daddawar batso, busasshen sure, garin kuka a ƙullin leda, wani lokaci da sabon faifai a saman kayan. Ba wasiƙa, ba saƙon baka. In aka tambayi direban, sai ya ce tsohuwa ta ce a kai "gidan wancan". Wancan ɗin shi ne ɗanta na fari, malamin lissafi a wata sakandare, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba.

Tsohuwar gwaggona ce, yayar mahaifina ciki ɗaya. Shi kuwa taubashina ne, ya girme ni da shekara huɗu. Zan kira shi Malam kamar yadda ɗalibansa da matarsa suke kiransa, kuma sai da ya yarda na ɗauki alƙalami. Aikina jinya ne. Na sha ganin masu rashi a bakin gadon asibiti, amma daga an fita da gawa ganina da su ya ƙare. Lamarin Malam ne kaɗai na bi tun daga ranar jana'iza har aka haura shekara biyu, shi ya sa nake ganin ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla.

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ɗauka rashin ƙauna ne. Kunyar ɗan fari ce, kuma Gwaggo ta riƙe ta da hannu biyu. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da ya girma, in ya je gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani gefe, ta tambayi lafiyar yara, magana ta ƙare. Ƙannensa suna hawa tabarmarta, suna sa hannu a kwanonta, suna yi mata shagwaɓa. Nasa rabon a buhu yake zuwa. Ya taɓa ce mini in aka tattara duk maganar da suka yi da Inna tun yana yaro, ba za ta cika yini guda ba. Sai an riƙe wannan a zuciya kafin a gane sauran labarin, domin mutumin da hannu ya yi masa soyayya, ba baki ba, da wuya baki ya iya yi masa ta'aziyya.

Ta rasu da bazara, tsakiyar zafi, bayan jinyar kwana tara. Hawan jini ne ya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki, kuma tun daren farko harshenta ya karye. Malam ya kwana tara a barandar asibiti yana sa ran ko sau ɗaya za ta buɗe baki ta ce masa wani abu. Allah bai nufa ba.

Aka yi zaman makoki kwana uku. Shi ne babba, shi ya zauna kusa da Baba, mahaifinsu, yana karɓar gaisuwa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta." "Amin, Allah Ya ba da lada." Ya maimaita wannan sau ba adadi, idonsa a bushe, har manya suna yaba masa cewa ya yi ta maza. A rana ta huɗu ya koma aji, saboda jarrabawar 'yan ajin ƙarshe ta ƙarato. Ni kaina na ce a raina ya tsallake.

Sai wata ya ƙare, direba bai tsaya ba.

Matarsa ce ta ba ni labarin ranar. Ya fito da kujera ƙofar gida bayan la'asar, bai tashi ba sai da aka kira isha'i. Daga nan abubuwa suka soma lalacewa a hankali. Barci ya ƙaurace masa, ƙarfe uku na dare ido biyu. Wando ya yi masa yawa. Ya daina zuwa majalisar abokansa. Mutumin da ɗalibai suka sani da sanyin hali ya koma abu kaɗan ya hau faɗa. Sallah yana yi cikin jam'i, amma ana sallamewa ya sulale kada wani ya tsare shi da gaisuwa. Ya hana a yi miyar sure a gidansa. Ragowar daddawar da ta zo a buhun ƙarshe ya juye ta a gwangwani, ya rufe, ya ɓoye cikin kayan sawarsa.

Wani abokinsa mai son wa'azi ya ce masa wannan rashin tawakkali ne. Har yau in na tuna maganar nan raina yana ɓaci, don ta ƙara masa kaya a kan kaya: ga ciwon rashi, ga tsoron ko imaninsa ne ya yi rauni. Alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da ɗansa Ibrahim ya rasu hawaye ya zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuma, wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Malam bai taɓa furta kalmar saɓo ba. Ciwo ne kawai yake ci a cikinsa.

Na gwada irin tawa dabarar. Na auna jininsa, na ga ya ɗan hau. Na ce mu je ya ga likita, ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ni ba taɓin hankali gare ni ba." Na kawo masa maganganun da na karanta, yana ji yana gyaɗa kai, ba abin da ya shiga. Wanda ya samo ƙofar shi ne mahaifina, tsohon masunci da bai taɓa zama a ajin boko ba.

Jirgi

Mutanen nesa sun san Argungu da bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Sun san gulbin Matan Fada, da dubban masunta da goruna da homa, da wasannin Kabanci na tseren jirage da kamun agwagwa. Mu da muka tashi a wurin, gulbi hanya ce kuma gona ce. In damina ta yi nisa ruwa yakan malale fadama, har wasu gonakin shinkafa ba mai isa gare su sai da kwale-kwale.

Da aka yi dogon hutu a watan Agusta, Malam ya zo gida don a raba kayan ɗakin Gwaggo. Kwana biyu yana kwance a zaure. A na uku, bayan sallar asuba, mahaifina ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, taso ka kai ni gona. Kafaɗar nan ta ƙiya." Kafaɗar da gaske tana ciwo, amma yana da jikoki fiye da biyar da za su tuƙa shi ido rufe. Ɗa ba ya musu da kawunsa. Malam ya tashi.

Rabonsa da filafili tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ranar farko jirgin juyi ya yi ta yi a wuri ɗaya, yara a bakin mashigi suna kallo. Mai tuƙi shi kaɗai daga baya yana ja ne ta gefe guda, in bai murɗa bakin filafilin a ƙarshen kowane ja ba, kan jirgin sai ya karkace ya bi ɗaya gefen. Inda ruwa bai da zurfi a ajiye filafili a ɗauki gwangwala a riƙa dogarawa, in ka dasa ta da ƙarfi cikin laka ta kafe, jirgi ya wuce ya bar ka da ita. Ga ƙwarya a ƙasa ta kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Kafin su dawo tafin hannunsa ya yi bororo, kafaɗunsa kamar an yi masa duka. A daren nan ya yi barcin da sai kiran assalatu ya tashe shi, karo na farko cikin wata huɗu.

Na daɗe ina tunanin me ya sa jirgi ya yi abin da maganata ta kasa. Gajiyar jiki tana ciki, wannan kowane ma'aikacin lafiya ya sani. Amma akwai abin da ya fi ta. Kwale-kwale ba ya barin hankali ya yi yawo. Da zarar tunaninka ya tafi barandar asibiti, jirgin zai shiga cikin burugu ya faɗa maka. Awa biyu a rana da zuciya ta samu ba ta tauna abu ɗaya ba, ba ƙaramin hutu ba ne. Sannan ga yadda ake zama: fasinja a gaba, matuƙi a baya, ba mai kallon idon wani. Irin zaman da Malam ya saba da shi ke nan da mahaifiyarsa, magana ba tare da haɗa ido ba. A haka mahaifina, yana ba shi baya, ya soma ba shi labarin yayarsa. Yadda tun tana budurwa take tuƙa jirgi ita kaɗai ta kai wa kakanmu abinci a inda yake su. Yadda ta fi maza iya gane inda tarwaɗa take kwanciya. Da yadda, lokacin da ƙyanda ta kwantar da Malam yana ɗan shekara huɗu a gidan kakarsa, ta haye ruwa da dare ta tsaya bayan zana har gari ya waye tana sauraren numfashinsa, kunya ta hana ta shiga ɗakin. Ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. Mahaifina ya ce ya ji tuƙi ya tsaya, bai waiwaya ba, ya bar jirgin yana bin ruwa har Malam ya gama kukansa.

A nan na sa baki da abu guda, kuma ban janye ba. Na sayo rigar ruwa mai hana nutsewa na ce sai ya riƙa sawa. Mahaifina ya ga abin kamar raini ne ga Bakabe, amma mutanen jihar Kebbi ba su manta da Wara ba, inda a watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗebo mutane daga jihar Neja ya tarwatse tsakiyar kogi aka rasa rayuka masu yawa. Mai baƙin ciki hankalinsa rabi ne, kuma iya iyo na yarinta ba ya ceton mai shekara arba'in a ruwan Agusta. Sun kuma tsaya cikin fadama, ba su shiga tsakiyar gulbi ba sai da ruwa ya ja baya.

Ranar da ya yi dariya

A mako na uku hannu ya faɗa. Wata safiya jirgin yana tafiya sak, garken kirinjijiya ya tashi daga cikin bado, wasu samari suka zo wucewa suka tsokane shi da tsere, ya biye musu, ya kuma riga su isa. Ya tsinci kansa yana ƙyalƙyala dariya.

Da dare ya same ni a ƙofar gida, fuskarsa kamar wanda ya yi sata. "Ɗan'uwa, yau na yi dariya a gulbi. Ko wata biyar Inna ba ta yi ba." Washegari ya ƙi fita, haka jibi, har kwana huɗu.

Wannan ita ce cibiyar lamarin, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Muna koya wa mai rashi yadda zai jure zafi, ba mai koya masa yadda zai karɓi daɗi in ya dawo. Da yawa suna ganin ciwon shi ne igiyar ƙarshe da ta ɗaure su da mamacin, in ta kwance sun ci amana. Ga Malam abin ya fi tsanani. Ƙannensa suna da hirarraki da za su tuna, suna da sunayen da take kiransu da su. Shi hoto ɗaya gare shi, na katin zaɓenta, sai gwangwanin daddawa, sai ciwon. Da ya ji ciwon ya saki na ɗan lokaci, gani ya yi kamar ya sake binne ta.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun san wannan yanayi. Mutane da yawa sun ji batun matakai biyar na baƙin ciki da likita Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, har suna auna kansu da su, alhali ita a kan marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwarsu ta yi aikin. Abin da ya fi dacewa da abin da na gani shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, a 1999. A ganinsu mai makoki yana kai da kawo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma komawa ga hidimar rayuwa, yau nan gobe can, wani lokaci cikin yini guda, kuma kai da kawon shi ne lafiyar. Wanda ya kafe a gefe ɗaya, ko kuka kullum ko aiki kullum, shi ne abin ji wa tsoro. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Ya iyakance zaman makoki ga kwana uku, in ban da matar mamaci da ke takabar wata huɗu da kwana goma. Nana A'isha kuwa, in an yi rashi a danginta kuma masu ta'aziyya sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji Manzon Allah yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana kuma tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Ashe neman sauƙi ga mai rashi abu ne da aka yi umarni da shi.

Duk na faɗa masa wannan, ya saurara, kuma daga baya ya ce hadisin talbina ya zauna masa. Amma wanda ya fitar da shi daga zaure a rana ta biyar mahaifina ne. Ya ce, "Yayata ba ta son mai zaman ɗaki, ko tana raye ko ba ta raye. Shinkafa kuma ba ta san an yi mutuwa ba. Tashi mu tai."

Aikin hannu

Hutu ya ƙare, ya koma Birnin Kebbi, yana zuwa gida duk Juma'a da yamma tunda tafiyar ba ta wuce kamar awa guda. Matsalar ita ce dararen tsakiyar mako. Mahaifina ya haɗa shi da tsohuwar koma duk ɓaraka ya ce ya ɗinke. Da ya gama ya ari gizago, ya sayi katakon maɗaci, ya ce zai sassaƙa filafilinsa. Na farko ya tsage, na biyu ya yi nauyi, na uku shi yake tuƙi da shi har yau.

Faifan ne ban yi tsammani ba. Cikin kayan Gwaggo an tarar da wani da ta kai rabi, basilla a soke jikinsa. Ba wanda ya kula da shi, Malam ya ɗauke. Ana saƙa faifai ne daga cibiya zuwa waje: a dunƙule siraran ciyawa, a riƙa naɗe su da tsagin kaba da aka rina da galura, kowane zagaye a ɗinke shi jikin na bayansa. Dare ɗaya yana juya shi a hannu, sai halin malamin lissafi ya motsa, ya soma ƙirga ɗinkin. Ya ga ja da baƙi suna maimaita kansu a ƙa'ida, kuma a kowane zagaye tana ƙara adadin daidai yadda zanen zai buɗe ba tare da ya karkace ba. Matar da ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba tana raba da'ira kashi takwas daidai wa daida da ido. Ya kira ni a waya wajen sha ɗaya na dare don kawai ya faɗa mini wannan, muryarsa har rawa take. Ya ce shekara goma sha biyar yana tambayar kansa inda ya gado son lissafi, tunda Baba ko kuɗin cefane sai an ƙirga masa.

Bai ƙarasa nata ba, ya ce ba hannunsa ba ne. Ya je wurin ƙanwarta, wadda suke kira Inna ƙarama, ta koya masa, ya soma nasa. Saƙar faifai a wurinmu ta mata ce, don haka a ɗaki yake yi bayan isha'i. Nasa ba su da kyan nata, gefensu yana tashi. Na Gwaggo kuwa yakan kai shi aji in zai koyar da da'ira.

Madafa

Girki ne ya fi kawo rigima, kuma a nan Malam ya yi kuskure.

Da kaka, sabuwar shinkafa ta shigo, har da ta gonar da ya yi ta kai kawunsa. Ya je ya durƙusa gaban Inna ƙarama ya ce ta koya masa miyar sure irin ta yayarta. Ta riƙe baki ta ce, "Malam, ina matarka?" Ya ce shi yake so ya iya. Ta yi shiru, sannan ta aika a ɗebo itace. Hadisi ya ce ƙanwar uwa tana matsayin uwa, kuma ita ba ta da kunyar ɗan fari a tsakaninsu, don haka ta yi masa abin da yayarta ba za ta taɓa iyawa ba: ta zaunar da shi gefen murhu tana yi masa faɗa.

Shi yana son awo, ita ba ta san awo ba sai "gwargwado". Ya koma yana auna komai da gwangwanin madara yana rubutawa a littafi. A jiƙa banda a ruwan zafi, a ɓare, a cire ƙaya, a wanke yashi. A tafasa sure a zubar da ruwan farko, in tsamin bai faɗa ba a ɗiga ruwan kanwa kaɗan, in ya yi yawa miya ta mutu. A daka daddawa da tonka da albasa wuri guda. Gyaɗa a daka ta lukui, a bar ta ta nuna har mai ya taso. Kifi shi ne ƙarshe, kuma daga ya shiga a daina juyawa da ƙarfi kada ya dagargaje. Man shanu a soya shi da albasa, sai an zo ci a zuba. Tuwon jar shinkafa kuwa sai mai ƙarfin dantse, don ba ta saurin haɗewa kamar fara.

Wata Asabar matarsa ta dawo daga unguwa ta tarar da shi a madafarta, hayaƙi ya cika gida, yana yin miyar da shi da kansa ya haramta wata bakwai. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni ina bayanta a wannan. Wata da watanni tana dafawa yana ture kwano, tana tambaya yana cewa ba komai, tana tare yara kada su dame shi. Rana ɗaya kuma ya shiga hurumin da yake nata ba sallama, kamar yana cewa hannunta ne bai yi ba. Ga maƙwabta da za su ce ta mallake shi. Baƙin ciki yakan sa mutum ya manta cewa na kusa da shi ma suna ɗauke da shi.

Abin da ya gyara shi ne tuwon ya ƙi yi masa. Ya yi gudaji sau biyu. Dole ya je ya ce, "Maman yara, ki yi haƙuri, ki zo ki nuna mini tuƙi." A bakin murhun nan, tana riƙe da tukunya yana juya muciya, ya faɗa mata abin da buhun yake nufi a wurinsa, da labarin bayan zana, ya kuma ɗauko gwangwanin da ya ɓoye. Ta ce ai ta daɗe da sanin yana nan, warinsa ya kama rigunansa duka, ta ƙyale shi ne. Da wannan daddawa suka yi miyar ranar, da ta Asabar uku bayanta, har ta ƙare. Tun daga nan miyar ba ta sake fitowa daidai da ta Gwaggo ba. Daddawar Inna ƙarama daban take, ta kasuwa ba a magana. Ya bi littafinsa layi-layi, ya sauya tukunya, ya sauya itace, a ƙarshe ya haƙura ya bar ta a matsayin miyar gidansa.

Wani maƙwabci ya taɓa jefa masa maganar 'yan daudu. Ya amsa masa cewa masunta in sun tafi su na makonni su suke dafa wa kansu, haka 'yan ci-rani, kuma Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah yana hidimar iyalinsa a cikin gida. Maganar ba ta sake tasowa a gabansa ba. In yana Argungu yakan zuba miyar a kwano biyu ya aika wa wasu tsofaffi biyu da suka yi shekaru suna bandar kifi tare da Gwaggo, koyi da yadda Annabi yake aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta. Baba ma an kai masa. Ya ci, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, ya ce a riƙa kawowa.

Ba zan so wani ya karanta wannan ya ɗauka jirgi da faifai da tukunya suna warkar da kowa ba. Autar Gwaggo, wadda ta fi kowa shaƙuwa da ita, shekara ta zagayo tana nan kamar ranar farko: ba ta iya kula da jaririnta, ba ta shiga unguwar da gidan yake, kullum cewa take da ma ita aka ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa baƙin cikin rashi in ya daɗe da tsanani har ya hana mutum rayuwarsa, aƙalla wata shida kuma fiye da abin da al'adarsa ta saba, ciwo ne mai buƙatar magani. Mun kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato, bayan doguwar muhawara da mijinta, kuma ta samu sauƙi. Malam ne ya raka ta, shi da ya ce mini ba taɓin hankali gare shi ba. Shi ma in da watannin nan sun ƙaru ba canji, can zan ja shi ko yana so ko ba ya so. Ya kuma yi sa'ar abubuwan da ba kowa ke da su ba: albashi, dogon hutu, kawu mai jirgi, da mace mai haƙuri. Tun da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai a 2023, zuwansa gida ya koma sau biyu a wata.

Yanzu jininsa ya daidaita, wandonsa ya zauna, ya koma majalisa. Ƙarshen wata har yau yakan yi masa nauyi, matarsa ta ce ranar ba ya son yawan magana, su kuma sun san haka suna ba shi wuri. Sun haɗa kuɗi da mahaifina sun sayi tsohon kwale-kwale, suka toshe shi da tsumma da kwalta. A hutun da ya wuce ya zo da ɗansa na fari, mai shekara goma sha ɗaya, ya sa masa rigar ruwa, ya zaunar da shi a baya ya ba shi filafili. Yana gyara masa riƙo yana kiran sunansa a fili, kowa na ji. Mahaifina bai ji daɗin haka ba, ya kuma faɗa masa a gabana cewa ba a san gidanmu da kama sunan ɗan fari ba. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Kawu." Da suka iso mashigi ya sake kiran yaron da sunansa, ya ce ya sauka ya riƙe igiya.